Wa ke da ikon jera menu? Tarihin ja-in-ja a kan fuskar kwamfuta

Kwanakin baya wata ɗaliba da muke ɗakin gwaje-gwaje ɗaya ta same ni fuska a murtuke. "Yaya, manhajar nan da ka ce in sauko da ita, na sauke, amma ta ɓace." Manhajar auna hotunan ƙwayoyin halitta ce, kwamfutar kuwa Linux ke kanta. Na duba, ga manhaja nan lafiya lau cikin foldar da ta sauka, har buɗewa take yi idan aka bi ta can. A cikin menu ne dai babu ita. Na buɗe wurin rubutu, na rubuta layi shida, na adana. Ko minti biyu ba a yi ba sai ga ta a rukunin kimiyya, da ɗan tambarinta. Ta ce, "Shi ke nan? Dama menu ɗin rubutu ne kawai?"

E, rubutu ne kawai. Amma kafin a kai ga wannan layi shida an kwashe shekaru masu yawa ana gardama. Tambayar da ake gardama a kanta ɗaya ce: wa zai yanke shawarar abin da zai zauna a menu da zirin nan na ƙasan allo? Kamfanin da ya ƙera, ko ita kwamfutar da kanta, ko kai da kake zaune gabanta? Duk ukun an gwada su, kuma kowanne ya bar tabonsa a kan allon da kake kallo yanzu.

Daga haddar umarni zuwa zaɓi da ido

A da can, wanda zai sa kwamfuta aiki sai ya haddace umarni ya rubuta. Ka kuskure harafi ɗaya, ta ƙi. A ranar 9 ga Disamba 1968, Douglas Engelbart ya nuna wa taro a San Francisco yadda ake nuna abu a allo da linzamin kwamfuta. Shekara biyar bayan haka, a 1973, cibiyar bincike ta Xerox da ke Palo Alto ta ƙera kwamfutar Alto, kuma a tsarin Smalltalk da aka gina a kanta ne aka fara sabawa da menu mai ɓullowa daidai inda linzami yake. A 1981 Xerox Star ta fito da allo mai kama da teburin ofis, da 'yan hotunan takardu da foldodi.

Dalilin da ya sa menu ya karɓu abu ne da masana halayyar ɗan Adam suka daɗe da sani: gane abu idan ka gan shi ya fi tuno shi da ka sauƙi. Ka sha haɗuwa da mutum ka shaida fuskarsa sarai, sunan kuwa ya ƙi zuwa. Menu yana ɗauke maka wahalar tuno suna, ya bar ka da shaida fuska.

Apple ce ta kafa menu a saman allo, a kwamfutar Lisa ta 1983, sannan Macintosh ta Janairun 1984. Wannan wuri ba don kwalliya aka zaɓe shi ba. Tun 1954 wani masani Ba'amurke mai suna Paul Fitts ya nuna cewa lokacin da hannu ke ɗauka ya kai ga wani abu ya dogara da biyu: nisan abin, da girmansa. A 1978 Stuart Card da abokan aikinsa a Xerox suka tabbatar cewa linzami ma yana bin wannan ƙa'ida. To, gefen allo katanga ne. Kome ƙarfin da ka wurga linzami sama, ba zai wuce ba, don haka abin da ke manne a gefe kamar ya ƙara girma ne. Kusurwa kuwa ta fi ko'ina, tunda katanga biyu ce. Shi ya sa har gobe menu da ziri suke maƙale a gefen allo, ba sa yawo a tsakiya.

Ranar da menu ya zama folda

A farkon Macintosh, abin da ke cikin menu mai tambarin tuffa ba ya canzuwa da sauƙi. Sai ka nemi wata manhaja ta musamman kafin ka ƙara ko ka cire. A watan Mayun 1991 Apple ta saki System 7, ta zo da dabara mai sauƙi: aka ware folda guda, duk abin da ka jefa cikinta zai bayyana a menu. Tare da ita aka kawo ɗan fayil wanda ba shi da wani aiki sai nuna inda wani fayil yake. Wannan shi ne abin da muke kira gajeriyar hanya. Kwatance ne irin wanda ake rubuta wa baƙo a takarda: ka yaga takardar, gidan na nan inda yake.

A ɓangaren Microsoft, Windows 3.0 ta 1990 tana da wata taga da ake jera manhajoji rukuni-rukuni. Kana iya ƙirƙirar rukuni, amma ba ka iya saka rukuni cikin rukuni, ga tagogi suna hawa kan juna har mutum ya rasa wadda yake nema. Lokacin da kamfanin ke shirya Windows 95, ya zaunar da sababbin hannu gaban kwamfuta yana kallon yadda suke fama, wasu ma buɗe manhajar rubutu kaɗai ta gagare su. Daga wannan gwaji ne Daniel Oran, wanda ya karanci halayyar ɗan Adam a Harvard, ya fito da maɓalli ɗaya da komai zai taso daga gare shi, da ziri mai nuna duk tagar da ke buɗe. A ranar 24 ga Agusta 1995 maɓallin Start ya shigo duniya.

Abin da mutane da yawa ba su lura ba shi ne, menu ɗin Start ma folda ce. Cike take da gajerun hanyoyi masu ƙarshen suna .lnk, kuma duk ƙaramar folda da ke ciki tana zama reshen menu. Wanda ya san wurin zai iya jerawa yadda ya ga dama. A 1997, tare da Internet Explorer 4, aka ƙara ɗan fili kusa da maɓallin Start inda za ka ajiye manhajojin da ka fi buɗewa, danna ɗaya su tashi. Wani abin dariya shi ne, a Windows 95 maɓallin bai taɓa kusurwar allo ba, an bar ɗan tazara siririya. Ka wurga linzami can ƙurya ka danna, shiru. Da wannan 'yar tazara aka yi asarar ribar da Fitts ya yi bayani, sai a Windows na baya aka gyara.

Amma 'yanci ya zo da nasa ciwon kai. Kowane kamfani da ka girka manhajarsa sai ya buɗe wa kansa folda da sunansa, ya cusa manhajar, da takardar bayani, da maɓallin cirewa. Bayan shekara guda menu ya zama kasuwar da ba sarkin kasuwa, kowa ya kafa rumfa inda ya so.

Bari kwamfuta ta jera da kanta

Ganin menu ya cika ya batse, sai Microsoft ta gwada hanya ta biyu. A Office 2000 aka sa manhaja ta riƙa lura da abin da kake yawan dannawa, ta nuna maka shi, ta ɓoye sauran sai ka nema. A takarda abin ya yi kyau. A aikace kuwa mutane suka ruɗe. Abin da ka bari jiya a layi na huɗu yau ya koma na biyu, wanda ba ka taɓa ba wata guda ya ɓace gaba ɗaya.

Matsalar ita ce, hannu yana da tasa hadda. Bayan 'yan kwanaki kana amfani da menu ba ka ƙara karanta shi, wurin kawai kake nufa. Uwar gida a kicin ɗinta ko da dare ba wuta ta san inda gishiri yake. Ka zo ka sake mata jeri kowace safiya da sunan taimako, ka ga irin godiyar da za ka samu.

An auna wannan a ɗakin bincike. A 2004 Leah Findlater da Joanna McGrenere na Jami'ar British Columbia a Kanada suka kwatanta menu iri uku: wanda ba ya canzawa, wanda kwamfuta ke canzawa da kanta, da wanda mai amfani ke jerawa da hannunsa. Wanda ba ya canzawa ya fi wanda kwamfuta ke jerawa sauri, kuma mafi yawan waɗanda aka gwada sun ce sun fi son wanda suka jera da kansu. Microsoft ta yi watsi da wancan tsari a Office 2007, ta maye gurbin menu da faffaɗan ziri mai maɓallai. Shi ma da farko ba a ba mai amfani damar sake jera shi ba, sai a Office 2010.

Duniyar Unix: kowa da kiwon da ya karɓe shi

A can gefe, jami'o'i da cibiyoyin bincike suna kan Unix, kuma tafiyarsu daban ce. Tsarin X, wanda aka fara a MIT a 1984, ba ya zuwa da menu ko ɗaya. Wata manhaja ce daban ke kula da tagogi, kamar twm ta 1987 ko FVWM ta 1993, kuma menu ɗinta kai za ka rubuta a fayil, layi-layi. Ikon duk naka ne, wahalar ma duk taka ce. Ka girka sabuwar manhaja, sai ka koma ka ƙara mata layi da hannu. Ka canza manhajar tagogi, ka sake rubutawa daga farko, don kowacce da irin nata rubutun.

A watan Oktoban 1996 wani ɗalibi a Tübingen ta Jamus, Matthias Ettrich, ya yi shelar KDE, da nufin Linux ta samu fuska ɗaya da kowa zai iya amfani da ita. A Agustan 1997 wasu 'yan Meziko biyu, Miguel de Icaza da Federico Mena, suka fara GNOME. Dukansu suna da ziri da menu, dukansu suna ajiye kowace gajeriyar hanya a ɗan fayil na rubutu. Sai dai KDE na kiran nata .kdelnk, GNOME na kiran nata .desktop, kuma kowa da foldar da yake dubawa. Mai rubuta manhaja sai ya yi aiki biyu, in ya yi ɗaya, rabin mutane ba za su ga manhajarsa a menu ba.

A watan Maris na 2000 Havoc Pennington ya kafa freedesktop.org, dandalin da ɓangarorin za su zauna su yarda a kan ƙa'idoji. KDE ta koma amfani da .desktop, sannan aka rubuta ƙa'idar da kowa zai bi. Wannan shi ne fayil ɗin da na rubuta wa ɗalibar nan. Bayan layin kai da layin da ke faɗin nau'in abin, sai layi huɗu: Name shi ne sunan da za a gani, Exec umarnin da zai tashi manhajar, Icon tambarinta, Categories kuma rukunin da ta dace da shi.

Dubi layin nan na ƙarshe da kyau, don a nan hikimar take. Manhaja ba ta cewa "a ajiye ni a wuri kaza". Cewa take "ni ta kimiyya ce" ko "ni ta sauti ce". Wani fayil daban ne ke tsara rassan menu, ya ce duk mai alamar kimiyya ta zo nan. Da haka aka raba bayanin manhaja da tsarin menu, aka kauce wa kasuwar rumfunan nan ta Windows.

Hikima ta biyu ita ce hawa biyu. Fayilolin da suka zo da manhajoji suna zama a /usr/share/applications, wurin kowa da kowa. Naka kuwa suna cikin gidanka, a ~/.local/share/applications. Idan suna ya zo ɗaya, naka ake ɗauka. Kana iya canza wa manhaja suna ko ka ɓoye ta ba tare da ka taɓa na sauran masu amfani da kwamfutar ba. Ka ɓata, goge naka kawai, na asali ya dawo. A ɗakin gwaje-gwaje irin namu inda mutum biyar ke raba kwamfuta ɗaya, wannan ba ƙaramin zaman lafiya ba ne.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Ƙa'idar ta yarda a rubuta suna da harsuna da yawa a fayil ɗaya, kowane da lambarsa. Lambar Hausa ita ce ha. Ka ƙara layin da ya fara da Name[ha], duk wanda ya saita kwamfutarsa a kan Hausa wannan sunan zai gani. Ƙofar a buɗe take tun tuni, masu fassara ne suka yi ƙaranci.

GNOME ta rage maɓallai

Sai ka ɗauka tunda komai rubutu ne a buɗe, gardama ta ƙare. Ina! A 2001 kamfanin Sun Microsystems ya gwada GNOME da mutanen da ba su saba da ita ba, aka ga yawan zaɓi yana rikita su. A 2002 Pennington ɗin nan dai ya yi rubutu yana cewa kowane zaɓi da aka ƙara yana da farashi: yana ƙara wuraren da kuskure zai ɓuya, yana ƙara aikin gwaji, kuma sau da yawa hanya ce ta guje wa gyara matsala tun daga tushe. GNOME 2.0 ta fito a Yunin shekarar da zaɓuɓɓuka kaɗan.

Hujjarsa tana da ƙarfi, ni kaina na yarda da rabinta. Amma a Maris 2005, da GNOME 2.10 ta koma kan sabuwar ƙa'idar menu, sai ta fito babu wata manhajar gyara menu. Wanda yake son cire abu ɗaya sai ya shiga rubutun XML da hannu. Mutane suka yi ca. A ƙarshen shekarar Linus Torvalds da kansa ya fito fili yana ba mutane shawara su koma KDE, yana zargin GNOME da raina hankalin masu amfani da ita. Wani mai rubuta manhaja, Travis Watkins, ya rubuta 'yar ƙaramar manhaja da harshen Python don cike giɓin. Ita ce aka sa wa suna Alacarte, daga kalmar Faransanci ta zaɓar abinci ɗaya-ɗaya a gidan cin abinci, kuma a Satumban 2006 ta shiga GNOME 2.16 a hukumance.

Shekaru biyu na tawaye

A Afrilun 2011 GNOME 3 ta fito. Babu zirin da aka saba ja a ajiye gajeriyar hanya a kai, babu menu mai rassa, sai allo guda mai nuna manhajoji da wurin bincike. A cikin watan Ubuntu ma ta koma kan nata sabon tsarin, Unity. Masu son tsohon tsari ba su tsaya ƙorafi kaɗai ba. Tunda lasisin ya yarda, wani ɗan Ajantina ya ɗauki GNOME 2 ya ci gaba da ita da sunan MATE, sunan ganyen shayin da ake sha a ƙasarsu. Masu Linux Mint kuma suka ƙirƙiro Cinnamon kafin shekarar ta ƙare. A 2013 GNOME ta ƙara wani yanayi mai kama da na da, ga waɗanda suke so.

Microsoft ta yi irin wannan caca a Oktoban 2012. Windows 7 ta 2009 ta ba mutane damar maƙala manhaja a ziri, kuma bayanan da kamfanin ke tattarawa suka nuna an rage buɗe menu ɗin Start. Sai Windows 8 ta cire maɓallin da menu ɗin duka, ta kawo allo cike da murabba'ai. A nan akwai darasi ga duk mai aiki da alƙaluma: ƙarancin amfani da abu ba ya nufin ƙarancin muhimmancinsa. Tayar safiya ma ba kullum ake taɓa ta ba. Manhajoji irin su Classic Shell da Start8, masu dawo da tsohon menu, suka samu kasuwa. A Oktoban 2013 Windows 8.1 ta dawo da maɓallin, a Yulin 2015 Windows 10 ta dawo da menu.

Ka lura da bambancin. A Linux waɗanda ba su gamsu ba sun ɗauki tsohon tsarin sun tafi da shi cikin watanni. A Windows sai da aka jira kamfani ya sauko, kusan shekara uku. Kuma maganar ba ta mutu ba. Windows 11 ta fito a Oktoban 2021 da maɓallin Start a tsakiya, kuma a fitowar tata ta farko an cire damar mayar da ziri sama ko gefe, abin da ake iya yi tun 1995.

Abin da tarihin ya bar mana

Idan ka jera waɗannan shekaru, za ka ga kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Masu ƙira sun yi daidai da suka ce yawancin mutane ba za su taɓa canza komai ba, don haka dole tsarin farko ya zama mai kyau. Gwajin Office 2000 ya nuna cewa abin da hannu ya haddace bai kamata ya motsa da kansa ba. Rigimar 2005 da ta 2011 da ta 2012 kuma sun nuna cewa 'yan tsirarun da ke jera allonsu su ne suka fi zama gabansa, su ne kuma ake kira idan ta wani ta lalace, don haka fushinsu yana da tsada. Tsarin da ya fi daɗewa ba a sake shi ba shi ne mai hawa biyun nan: kamfani ya jera nasa, kai ka ɗora naka a kai, ka iya cirewa duk lokacin da ka so. Ƙa'idar .desktop ta haura shekara ashirin, kuma KDE, GNOME, Xfce, MATE da Cinnamon duk ita suke karantawa.

In kana so ka gani da idonka, abu ne mai sauƙi. A Windows, danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta shell:programs, foldar menu ɗinka za ta buɗe. A Linux, shiga /usr/share/applications ka buɗe kowane fayil da manhajar rubutu, amma in za ka canza wani abu, kwafe shi zuwa foldar gidanka tukuna. Wanda ba ya son rubutu, akwai Alacarte, akwai Mozo a MATE, akwai KMenuEdit a KDE.

Ɗalibar nan kuwa, da na koma kan kwamfutar bayan sati guda, na tarar ta jera manhajoji huɗu a ziri bisa yadda aikinta ke tafiya: ta ɗaukar hoto, ta aunawa, ta lissafi, ta rubuta rahoto. Ta kuma canza wa ta aunawar suna zuwa "Ma'auni". Da na shiga da nawa sunan, komai na nan yadda na bar shi.